Alfarmar da Aka Ajiye wa Mirela

Port Lincoln, 9 ga Agusta

Ƙanina Branko,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jirginku na su ya isa arewa lafiya, kuma jatan landen bana bai yi muku rowa ba. Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ta ƙi jinin sanyin nan. Lemon tsamin bayan gida ya yi 'ya'ya har reshe na neman karyewa, na yi ta rabo har maƙwabta sun fara ɓuya in sun hango ni da jaka. Fada Dominic ya tambaye ka ranar Lahadi, na ce masa kai da coci ai sai biki ko jana'iza.

To, ba don lemo na zauna rubutu ba. Maganar 'yarka ce.

Ka bar mini Mirela kana cewa gajiya ce kawai, ta huta za ta ware. Ba gajiya ba ce, Branko. Ƙwayar nan ce da suke kira ƙanƙara. An sallame ta daga kamfanin sarrafa kifi tun kafin ka tafi, ta ɓoye maka. Sai ta yi kwanaki ba barci, tana kwance rediyona tana baje kayan cikinsa a kan tebur, hannayenta duk ta tsattsage su da farce. Yarinyar da ke cinye faranti biyu na miyar kifi yanzu cokali uku sai na yi da gaske.

Shekaranjiya ta same ni a kicin, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata kamar lokacin da uwarta ta rasu, ta ce: “Gwaggo, ki kai ni inda za a kulle ƙofa. Na gaji.” Da bakinta ta faɗa, ba wanda ya matsa mata.

Na kai ta wurin Dakta Haddad. Ya ce layin gwamnati dogo ne, amma akwai asibitin kuɗi a Adelaide da zai karɓe ta cikin satin nan. Ya kuma ce irin wannan yarda ba ta daɗewa, a yi amfani da ita tun tana da ɗumi. Matsalar ita ce inshorar lafiyar da kake biya muku kai da ita ta ƙaramin mataki ce. In ƙafa ta karye za su biya, amma gadon masu ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye sai ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Sai an ɗaga ta zuwa babban mataki, kuma in an ɗaga sai an jira wata biyu kafin ta fara aiki. Wata biyu! Na ce wa matar kamfanin ta zo ta ga yarinyar tukuna, sannan ta sake faɗar wata biyu.

Sai ta ce akwai alfarma guda. Doka ta yarda a yafe wa mutum wannan jiran, ya shiga asibiti nan take, amma sau ɗaya tak a rayuwarsa. Wannan nake so. Sai dai sun ƙi saurarona, wai sunanka ne a kan inshorar, ni ba kowa ba ce. Ka roƙi kyaftin ɗinku wayarsa ta jirgi, ka kira su, ka ce ka ba ni izini. Na kira ofishinku na Karumba, sun ce wayar ta gaggawa ce, wasiƙa kuwa jirgin da ke kai muku mai zai tafi da ita. Don Allah kada ka yi nauyin jikin nan naka.

Yayarka,
Vesna

*

Tekun Carpentaria, 27 ga Agusta

Yaya Vesna,

Na gaishe ki da kyau, ya gwiwa? Ki daina hawa tsani kina tsinkar lemo, ki bar wa tsuntsaye rabonsu. Ni lafiya ƙalau, sai hannuwa da suka tsage saboda gishiri da sanyin ɗakin ƙanƙara. Kamun bana dai da sauƙi-sauƙi, raga tana fitowa da shara fiye da kaya. Jirgin mai ya makara, shekaranjiya na samu wasiƙarki.

Na karanta ta har sau nawa ban sani ba. Raina ya ɓaci, kuma ban ga laifinki ba. Amma Yaya, ki tsaya mu yi tunani kafin mu taɓa abin nan na sau ɗaya.

Akwai wani abokin aikina a nan, Wiremu. Ƙaninsa ya yi amfani da wannan alfarmar bara. Ya shiga asibitin, sati ɗaya ya tattara kayansa ya fita, ya ce ya warke. Suka mayar da inshorar ƙasa saboda tsada. Da abin ya dawo masa, ya dawo da ƙarfi, kuma babu sauran alfarma. Wiremu ya ce da sun sani da sun ajiye ta.

Kin tuna labarin Babanmu, lokacin da injin jirginsa ya mutu a bayan tsibiran nan, da wutar neman agaji guda ɗaya a akwati, irin wadda ake harbawa sama? Yaran jirginsa suna kuka suna roƙon ya harba, ya ƙi, ya zauna a kan akwatin. Sai da ruwa ya fara shiga da gaske kuma ya hango jirgi, sannan ya harba. Da ya biye musu tun ranar farko, da ba a haife ni ba. Haka ya koya mana, ba a harba ta don tsoro, sai jirgi na nutsewa da gaske.

Mirela shekararta ashirin da biyu. In muka ƙona wannan yanzu, me za ta riƙe in ta kai talatin? Ni a ganina ba ta kai can ba tukuna. Tana gidanki, tana cin abincinki, ita ce ma ta yi magana da kanta. Wanda ya lalace ba ya yin haka. Ki sa sunanta a layin gwamnati, ki riƙe ta zuwa ƙarshen Nuwamba. In na sauka aka biya mu, zan ɗaga inshorar, mu jira wata biyun tare, alfarmar tana nan a ajiye.

Ki ce mata ina tunaninta. Ba na iya rubuta mata kai tsaye, kin san ni da alƙalami.

Ƙaninki,
Branko

*

Port Lincoln, 11 ga Satumba

Branko,

Ina fata kana lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. Zan taƙaita gaisuwa don raina a ɓace yake.

Ba ni na fara karanta wasiƙarka ba. Tun da na aika tawa, kullum Mirela ce ke fita duba akwatin wasiƙu, ta haɗa jakarta ta Adelaide ta ajiye a bakin ƙofa, har da silifas da littafin zane. Kusan sati huɗu yarinyar nan tana daurewa, tana rawar jiki tana amai, tana cewa bari dai Baba ya amsa. Da ta ga rubutunka a ambulan ba ta jira ni ba. Na dawo daga kanti na same ta a tebur da takardar a gabanta.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Dariya ta yi, ta ce: “Baba ya yi gaskiya, Gwaggo. Ban kai can ba tukuna.” Na ce ba haka kake nufi ba, tsoro ne ya sa ka rubuta. Ta ce a'a, ta gane sarai, ita ce yaran nan masu kuka a cikin jirgi. Ta ɗauki jakar ta mayar ɗaki, ta zazzage kayan a kan gado.

Washegari ta fita da motata. Kwana huɗu ban san inda take ba. Na zaga bakin tashar jiragen ruwa a ƙasa da wannan gwiwar, ina tambayar mutanen da ko gaisuwa ba na so mu yi. Ta dawo ba takalmi, leɓenta a fashe, ta wuce ni kamar ba ta san ni ba.

Kai da labarin Baba! Ni na girme ka, ina nan ranar da aka dawo da shi. Ɗaya daga cikin yaran nan, Jure, bai sake shiga ruwa ba har ya mutu, kuma Mama ba ta yi wa Baba magana ba har Kirsimeti. Wannan ɓangaren ba ya ba da shi in ya sha giya. Kuma Mirela ba jirgi ba ce da za ka leƙa ka auna ruwan da ya shiga.

Na sa sunanta a layin gwamnati kamar yadda ka ce. Sun yi kirki, wata ma'aikaciya tana kira duk sati, amma gado babu. Ka kira kamfanin, Branko. Ba roƙonka nake yi ba yanzu.

Vesna

*

Tekun Carpentaria, 29 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Lafiyata ƙalau, barci ne dai ya ƙaura tun da wasiƙarki ta zo.

Na kira su yau da safe. Kyaftin ya miƙo mini wayar ya fita. Sun yi ta juya ni daga wannan zuwa wancan, layin yana yankewa, amma na gama. Sunanki yana kai yanzu, duk abin da kika ce shi za a yi. Ki ɗaga ta zuwa babban matakin, ki karɓi alfarmar, ki sa ta a jirgin sama zuwa Adelaide. Kuɗin ba damuwarki ba ne, na yi magana da ofis su riƙa cirewa daga rabona.

Na kira gidanki ma, ba a ɗauka ba, wayar Mirela kuma a kashe.

Ban rubuta waccan wasiƙar don idonta ba. Ke nake wa magana, irin yadda muke yi, in faɗi nawa ki faɗi naki, ki ci ni da faɗa kamar kullum. Ban ce ba ta da ciwo ba. Tsoro nake kada ranar da ta fi wannan muni ta zo ta same ta hannu wofi.

Wannan layin nata ne, ki nuna mata. Mirela, Babanki ne. Na yi kuskure. Ki tafi asibitin, yanzu ne lokacin. Ki manta da maganar jirgi.

Branko

*

Port Lincoln, 16 ga Oktoba

Ƙanina,

Na gaishe ka, kuma na huce, ka daina neman afuwa. Sanyi ya tafi, gwiwa ta ɗan saki. Ranar da ka kira muna wurin Dakta Haddad.

Ban jira wasiƙarka ba. Kamfanin ya turo mini saƙo tun farkon wata cewa an sa sunana, na ɗaga inshorar a ranar. Asibitin suka ce akwai gado ranar Talata. Na sayi tikitin jirgi guda biyu, na fito da jakar na goge ta. Sai yarinyar ta ce ba za ta je ba.

Ba wai ta ƙi magani ba ne, ka fahimce ni. Ta zauna da takardun kamfanin ta karanta su tas, abin da ni da kai ba mu yi ba. Ta ce tunda an riga an ɗaga, jiran ya fara tafiya, farkon Disamba zai ƙare. In ta daure zuwa lokacin za ta shiga ba tare da an taɓa alfarmar ba, ta samu biyu ke nan, gadon yanzu da na gaba. Da wasiƙarka ta zo na nuna mata layinka. Ta karanta, ta ninke, ta ce: “Don kin yi masa faɗa ne ya rubuta wannan. Ta farkon ce tasa.”

Dakta Haddad ya yi mata magana har muryarsa ta dishe. Ya ce abin da ake ajiyewa don mummunar rana, ai ga ranar nan ta zo. Ta ce masa ta ga waɗanda suka fi ta lalacewa, ita har yanzu tana wanka tana gane sunanta. Ya ce mini a waje ba shi da ikon tilasta ta, shekarunta sun kai, kuma ba ta ce za ta cutar da kanta ko wani ba. Ka ga taurin kan gidanmu? Kai ne sak, har yadda take ɗaga haɓa.

Wani abu kuma yana cina. Da tun ranar da na fara rubuta maka na ce ka ɗaga inshorar kawai, ko da alfarma ko babu, da yanzu wata biyun sun kusa cika, da ta kusa hawa gadon nan ba tare da wannan gardamar ba. Ni na raina wata biyun, kai ka tsaya gadin alfarma, muka bar lokacin ya wuce a banza muna aika wa juna takardu.

Amma tana ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Ta ba ni wayarta na kulle a durowa. Ta yi wa shingen gaba fenti, ta ci kifi da dankali jiya har ta nemi ƙari. Wasu ranakun kuma ba ta fita daga ɗaki, ina jin ta tana zagaye kamar an ɗaure kare. Makullin mota yana cikin aljihun rigata ko'ina na je. Ka yi mana addu'a, in ka tuna yadda ake yi.

Yayarka,
Vesna

*

Tekun Carpentaria, 9 ga Nuwamba

Yaya Vesna,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya lau nake, zafi ya fara, hadari yana taruwa kullum da yamma ba ya zubarwa. Kamu ya gyaru sosai a makonnin nan.

Wasiƙarki ta sa na yi dariya ni kaɗai a bayan jirgi, har Wiremu ya ce ko rana ta taɓa ni. Fenti! Yarinyar da ko kofinta ba ta wankewa. Na san na ce ta tafi, kuma har yanzu da ta tafi da na fi samun natsuwa. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, na ji alfahari. Lissafinta daidai ne, kuma saura kaɗan. In ta iya wannan da kanta, to asibitin ƙarasawa kawai zai yi.

Ki ce mata jinin kakanta ne a jikinta. Ki ce ta riƙe, ina sauka ƙarshen wata, ni da kaina zan raka ta Adelaide. Na ware muku katan guda na manyan jatan lande don Kirsimeti.

Ƙaninki,
Branko

*

Port Lincoln, 20 ga Nuwamba

Branko,

Ina fata wannan ta same ka a Karumba kafin ka hau mota. Ni ina nan da rai. Abin da na kasa faɗa a wayar kyaftin, saboda layin da kuma kukan da kake yi, shi zan rubuta, don kada ka ji shi a bakin mutane.

Ranar Alhamis ce, da hantsi. Ta yi kwanaki ba ta runtsa ba, na san ta samo abin a wani wuri, ban san ta yaya ba. Na shiga wanka na rataye rigar a bayan ƙofa. Da na fito babu makulli, babu mota.

A hanyar Coffin Bay ta kauce daga layinta ta buge wani mutum. Mutumin yana kan keke. Sunansa Graeme Tiller, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shi ya koyar da ita lissafi a aji bakwai. An ɗauke shi a jirgin sama zuwa Adelaide. Yana da rai, amma likitoci sun ce wa matarsa kada ta sa ran zai sake tafiya da ƙafafunsa. Mirela ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ita ta kira motar asibiti da wayarsa, ta zauna a bakin titi riƙe da hannunsa har 'yan sanda suka zo. An gwada jininta, aka samu ƙwayar a ciki. Alƙali ya hana beli, an kai ta gidan yarin mata a Adelaide.

Wasiƙarka ta iso jiya. Na karanta wurin jinin kakanta, na ajiye ta a durowa tare da wayarta. Ba zan kai mata ba, kuma kada ka tambaye ni.

Na ga matar Graeme a kantin magani. Na tsaya don ta faɗa mini duk abin da ke ranta, ta dube ni kawai ta ce ya jikin yarinyar. Na fi son da ta mare ni.

Kada ka kawo jatan landen nan gidana.

Vesna

*

Adelaide, 12 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka. Ya hanya, ya gajiyar aiki? Gwaggo ta ce ka iso gida, kuma ka sa sunanka a masu ziyara na ranar Asabar. Na ga gara in rubuta kafin nan, don in na gan ka ba zan iya magana ba.

Ina lafiya. Satin farko ya yi wuya, na yi shi a ƙasa kusa da masai, amma ya wuce. Ina ci, ina barci. Akwai wata dattijuwa a ɗakinmu da ke ba ni shayinta. Lauya ta ce in shirya wa shekaru, ba watanni ba. Na rubuta wa Malam Tiller, ban sani ba ko za a ba shi. Kada ka je gidansu, Baba, ba ka iya irin wannan maganar ba.

Gwaggo ta ce asibitin sun kira ta ranar Litinin, wai jiran ya ƙare, akwai gado in ina so. Ta ce godiya kawai ta yi musu. Ta kuma kira kamfanin ta tambaya ko a cire sunana, tunda a nan inshora ba ta aiki. Ka cire kawai, ka daina biya a banza.

Kada ka ɗora wa kanka. Ka rubuta mini in tafi, na gani da idona, ni na ƙi. Ba fushi nake da kai ba a lokacin. So nake ka sauko daga jirgi ka tarar na riƙe, in miƙa maka alfarmar cikakkiya, ka ga ban firgita na harba ba. Kullum da safe sai in tambayi kaina, yau ce nutsewar? Sai in ga ai na tashi, na wanke fuska, na san ranar mako, in ce to ba yau ba. Har safiyar Alhamis ɗin haka na ce. Ka koya mini kada in harba da wuri, amma ba ka faɗa mini yadda ake gane lokacin ba, kuma ina jin kai ma Kaka bai faɗa maka ba.

In za ka zo, ka taho mini da littafin zanena, yana cikin jakar nan a ƙarƙashin gado. Sun ce ban da mai zoben ƙarfe, ka duba.

Matar kamfanin ta ce wa Gwaggo alfarmar ba ta lalacewa, za ta jira ni duk ranar da na fito na sake shiga inshora. Tana nan, Baba. Ban taɓa ta ba.

'Yarka,
Mirela